Ranar Da Aka Goya Min Kabewa

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Talata da aka ɗaura min kabewa a baya da majanyi, a gaban matan garinmu, ina saurayi mai gemu, har da takardar shaidar gama makaranta. Yau idan na ba da labarin dariya nake yi, amma a ranar ko murmushi ban iya ba.

A shekarun tsuke bakin aljihu ne, lokacin da sabulu da madara suka zama kayan gabas. Na gama makarantar koyon sana'a a Kano, fannin aikin katako da tsara ɗaki, na yi yawon neman aiki har takalmina ya cinye, sannan na tattara na koma ƙauyenmu da ke can bayan Bagwai. Aiki dai babu, amma girman kai cike da akwati na koma da shi, tare da wani tsohon littafin hotunan kujerun ƙasar waje da nake ji da shi sosai.

Muna da ƙaramin asibiti mai ɗaki biyu da ma'aikaciya ɗaya tak, Malama Binta. Sai labari ya zo cewa saboda matsin da ake ciki za a rufe ƙananan asibitocin da ba sa samun jama'a, kuma bayan girbi wani jami'i zai zo ya gane wa idonsa. Hankalin kowa ya tashi, domin idan aka ɗauke Malama Binta, mai naƙuda sai dai a ɗora ta a amalanke a yi tafiyar rabin yini da ita. Dagaci ya tara mutane aka yanke shawarar a yi wa mata rumfar jira, don na rugage da ƙauyukan kewaye su ji daɗin zuwa awo da rigakafi. Liman ya ba da ragowar katakon rufin masallaci, wani ya ciro tsohon ƙyauren zaurensa, wani ya kawo kwanon rufi biyu masu tsatsa. Abin da garin ya mallaka ke nan, in ya lalace babu wani. Da aka zo maganar wanda zai tsara, na miƙe tun ba a kira ni ba.

Malama Binta ba ta nemi abu mai yawa ba. Ta ce inuwa take so da wurin zama, kuma in samu lokaci in zo ranar awo in ga yadda matan ke zama. Na ce mata to, amma ban je ba (a raina cewa na yi, shekara uku ina karatun zama, wa zai koya min zama?). Na buɗe littafina na zaɓo wani benci mai doguwar majingina, mazauninsa ya ɗan kwanta baya, yadda idan ka zauna gwiwarka za ta ɗaga, bayanka ya manne da katako, jiki ya saki. Na gwada da kaina, na kira abokaina biyu suka gwada, ɗaya har gyangyaɗi ya yi. Na ƙera guda shida, na goge su sumul, na jera su suna kallon hanya don masu wucewa su ga aikina. Sannan na kafe ƙafafunsu da siminti, na cika rumfar tam, ko wurin shimfiɗa tabarma ban bari ba, don a ganina zamanin tabarma ya wuce.

Ranar buɗewa dattawa suka zauna suka miƙe ƙafa suka sa min albarka. Kaina ya kumbura har hulata ta nemi ta yi min kaɗan.

Amma mata ba su zauna ba. Wasu su ɗosana a bakin bencin kamar masu jiran a kore su, wasu su tsaya, yawancinsu kuma su zagaya bayan rumfar su zauna a ƙasa cikin rana. Da aka faɗa min, na ce ƙauyanci ne, za su saba. Mako ya bi mako, waɗanda ke tahowa daga nesa suka fara raguwa, domin wa za ta yi tafiyar safe da ciki ko da goyo, ta zo kuma ta gasu a rana? Girbi ya ƙarato. Malama Binta ta aiko min cewa in ba ni da lafiya ma in rarrafo in zo ranar Talata, ranar awo.

Na je da farar riga, da fensir a bayan kunne. Maimakon in tambaya, sai na hau yi wa matan bayani a kan ƙashin baya da amfanin jingina, har ina haɗawa da Turanci. Can sai Iya Kande ta taso. Ita ce tsohuwar ungozomar garin, ita ta yanke min cibiya, kuma da yake sa'ar kakata ce, maigida take kirana cikin wasa, ba ni da bakin yi mata musu.

“Maigida, karatun ya isa haka,” ta ce. “Juyo min bayanka.”

Wata mata ta zo da kabewa za ta kai kasuwa bayan awo. Iya ta ara, ta ce in duƙa, ta ɗora min ita a baya, ta ja majanyi ta ɗaure tamau a ƙirjina. Kafin in gama mamaki ta naɗe zani biyu ta cusa min a cikin riga ta gaba.

“To, ga ɗanka, ga na cikinka. Zauna ka huta.”

Na zauna. Bencin nan da na ƙera don ya ja mutum baya ya yi aikinsa ba kuskure: na zame, kabewar ta bugi majingina, na ji ƙum har cikin haƙarƙarina. Na matso gaba, gangaren ya sake mai da ni. Na yunƙura zan tashi, gwiwoyina suna sama, tulin zani ya tokare ni, na koma daɓas. Sau uku ina yunƙurawa. A na ukun kabewar ta tsage, ruwanta da 'ya'yanta suka gangaro ta cikin farar rigata.

Ba wadda ta yi dariya da farko, wannan ne ma ya fi kashe ni. Sai wata ƙaramar murya daga baya ta ce, “Allah ya jiƙan yaro,” rumfar kuwa ta ɓarke. Malama Binta ta shige ɗaki tana toshe baki. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, ga shi ba halin gudu, sai da Iya ta kama hannuna ta ɗago ni kamar yadda take ɗago masu ciki.

Ba ta ƙara min da faɗa ba. Ta kwance majanyin a hankali, ta ce aikina yana da kyau, ba ta taɓa ganin katako mai santsi haka ba, kawai dai na yi shi ne don mutumin da ba ya ɗauke da kowa. Wallahi maganar ta fi fashewar kabewar shiga jikina, domin a bayan mahaifiyata na zo duk rigakafin da aka taɓa yi min.

Washegari na zo da zarto. Iya ta zauna a gefe tana nuna min da sandarta, ina yanka. Na cire majinginan da na fi alfahari da su, na daidaita mazaunin, na fasa simintin benci biyu na fitar da su don a samu wurin tabarma. Da katakon da na cire na yi kujeru 'yan tsuguno. Ta sa na kewaye gefen hanya da zana, ta ce mai cikin fari ba ta son duk mai wucewa ya ƙare mata kallo. Wannan ma ban taɓa tunaninsa ba.

Labarin kabewa ya zaga ƙauyuka kafin Juma'a. Ina kyautata zaton rabin matan da suka cika rumfar a makonnin da suka biyo baya sun zo ne su ga saurayin da ya yi goyo, amma tunda sun zo, Malama Binta ta auna su. Ranar da jami'in ya iso bai samu wurin tsayawa ba. Ya dubi bencinan marasa majingina ya yaba, ya tambaya wa ya tsara wurin. Na buɗe baki, Iya ta ɗago ido ta kalle ni, na nuna ta na ce ga ta nan. Ba a rufe asibitin ba.

Na shafe shekaru ina ƙera kujeru bayan nan, na masallatai da makarantu da ofisoshi, kuma abin da na koya bai taka kara ya karya ba: kafin ka auna katako, je ka zauna kusa da wanda zai zauna, ka rufe bakinka. Shekara uku a makaranta ba su koya min wannan ba, sai da aka yi asarar kabewar baiwar Allah.