Tunau da Injin da Na Kawo Daga Fatakwal

Gidanmu gidan kafintoci ne, zauren gidan kuma shi ne shago. Akwai Baba, akwai Inna, sai yayana Tunau da matarsa Kande. Tunau ƙaƙƙarfa ne mai kirki, amma abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Ni kuwa shekara bakwai na yi a Fatakwal, na dawo da injin fere katako na hannu mai aiki da lantarki. Baba ya juya shi, ya dubi wuƙarsa, ya ce, "Ranar da abin nan ya sha jinin wani, kai da shi ku koma inda kuka fito." Na gaji da yawon duniya, ina son zama gida, don haka na dage da koya wa Tunau ƙa'ida.

Wata rana na ce, "Yaya, ba a zuwa kusa da injin nan da babbar riga, yana iya fizge ta." Bayan sallar Juma'a Liman ya shigo gaida Baba. Tunau ya tare ƙofar zaure ya ce, "Allah gafarta Malam, a tuɓe." Sai ta ƙofar baya Liman ya shiga, ta wajen turken awaki.

Wata rana na ce, "Kafin a fere katako sai an zare duk ƙusar da ke jikinsa." Na ba shi bencin da Baba ke hira a kai. Ya zare, ya fere ya yi sumul, ya jera katakan yadda suke. Da la'asar Baba da abokansa uku suka zauna, sai ga su a ƙasa rigijib, huluna a warwatse. Tunau ya kawo ƙusoshin a gwangwani.

"Ga su, Baba, ko ɗaya bai ɓace ba. Ba a dai ce in mayar ba."

Wata rana na ce, "Kada ka ajiye injin sai wuƙar ta tsaya cak." Na tafi sayo katako. Injin yana da wani maɓalli, in ka danna shi ba ya daina gudu ko ka saki yatsa, Tunau kuwa ya danna. Na dawo da azahar na tarar da shi tsaye riƙe da injin yana ta ruri, Kande tana ɗura masa fura da ludayi.

"Yaya, kashe shi mana!"

"Cewa ka yi in jira ya tsaya."

Wata rana na ce, "In ba a aiki, a cire filogi." Muna fere ƙyauren masallaci aka ɗauke wuta. Na ga dusar katako ta cushe a bakin wuƙar, sai na kifa injin na sa yatsu ina tonowa. Tunau ya bi gida ɗaki ɗaki: ya cire rediyon Baba, ya cire fankar Inna, ya cire wayata daga caji, ya dawo ya zare na injin.

"Haba Yaya! Wutar da babu, me kake cirewa?"

"Ba a aiki."

Bai rufe baki ba ƙwan lantarkin zaure ya kama. Yatsuna huɗu suna kan wuƙa. Na dubi maɓallin nan, ashe a danne na bar shi.

Baba yana bakin ƙofa, komai a idonsa. Ya ce, "Ɗaga hannuwanka." Na ɗaga. Ya bi yatsun da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Goma. To, ku zauna, kai da injinka. Amma daga yau Tunau ne malaminka."

Tunau ya gyara tsayuwa, ya dube ni sama da ƙasa, ya ce, "Fara tuɓe babbar rigar nan."