Ranar da Anko Ya Ɓatar da Ni

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na shirya tafiyar da babu wanda zai ɓata a cikinta ba. Aka tashi aka rasa mutum ɗaya tak, kuma ni ce.

Abin ya faro ne daga wani kwas na koyon ɗaukar hoto da na samu gurbi a Kano. Na kai wa Baba labarin. Ya sauke tabarau ya dube ni.

"Ke? Kano? Ke da aka aika sayen ƙuli-ƙuli kika tsaya kallon balbela har aka gama cin abinci?"

(Ba ƙarya ya yi ba. Amma da ya ga yadda balbelun nan suka jeru a kan bishiya kamar an shanya fararen kaya, da shi ma ya tsaya.)

A lokacin muna da 'yar ƙungiya ta 'yan mata masu son hoto. Mun ɗauki Daura har ta gaji da mu. Rijiyar Kusugu kam babu gefen da ba mu ɗauka ba, haka gonakin geron hanyar Sandamu. Sai sha'awa ta koma kan wani katafaren wurin shaƙatawa a Kano, mai tafki da manyan itatuwa, har da ɗawisu. Nan na ga dama ta samu. Na ce wa Baba ya bar ni in jagoranci tafiyar, idan na kai su na dawo da su lafiya, sai ya bar ni in yi kwas ɗin.

Ya ce, "Allah ya kai mu. Amma da Gwaggonki Hajara za ku."

Na duƙufa shiri kamar mai shirin aikin Hajji. Na bincika na gano wurin ƙofa biyu gare shi, na maimaita musu wannan har suka haddace. Na ce babu mai yawo ita kaɗai, kowa da abokiyarta. Babu mai ɗaukar hoton mutane sai ta nemi izini, babu mai matsawa bakin tafki wai don neman hoto mai kyau. Saboda labarin ƙwacen waya da muke ji, na yanke hukunci a kashe wayoyi duka a zuba a jakar Gwaggo, kyamara kawai za a riƙe. Gwaggo ce kaɗai ta ƙi kashe tata, 'yar ƙarama mai tocila, ta ƙulle ta a bakin zane ta ce ba ni na saya mata ba.

Sai kuma babbar dabarata, wadda na kwana ina yaba wa kaina: anko. Idan duk muka sa atamfa iri ɗaya, ko daga nesa za mu hango juna. Na je shagon Mama Ngozi, wadda ta daɗe a Daura har ta fi ni iya ciniki da Hausa, na zaɓi wata koriya mai zanen ganye.

Ta ce, "Ɗiyata, kin iya zaɓe. Wannan ita ake yayi, a Kano kamar ƙosai ake sayenta."

Na ɗauki maganar a matsayin yabo. Ban san gargaɗi ba ne.

Ƙanwata Ummi, wadda bakinta ba ya hutu, ta ɗaga atamfar ta ce, "Yaya, hoto za mu ko kai amarya?" Na ce tsaro ne, ita ba za ta gane ba. Ta rusuna ta ce, "Ranki ya daɗe, Shugabar Tsaro." Sunan da ya bi ni ke nan har yau.

Mun isa lafiya, kuma wallahi wurin ya yi kyau. Inuwa ta kwanta a kan ciyawa, agwagi suna tsaga ruwa a hankali kamar ba su da wata damuwa a duniya. Komai ya tafi yadda na tsara. Muka yi salla, muka ci dambu, Gwaggo ta shimfiɗa tabarma ta rungume jakar wayoyi kamar jariri. Har na fara tsara yadda zan ba Baba labari cikin ƙanƙan da kai.

Sai ɗawisu ya fito.

Ummi ce abokiyar yawona. Ta gaji da tsayuwa ta ce ƙishirwa take ji. Ban ko dube ta ba na ce, "Je ki, ina nan." (Dokata ta farko ke nan, ni na fara taka ta.) Ɗawisun nan ya ƙi buɗe jela. Ya yi gaba, na bi shi. Ya tsaya, na tsuguna. Ya shiga bayan wasu furanni, na zagaya. Ina ta lallashinsa a zuci, har na fara haɗa masa baituka. Can, da ya ga dama, ya juyo ya baje jelar nan gaba ɗaya, rana ta faɗo a kanta, sai ka ce an buɗe akwatin sarauniya. Na danna, na danna.

Da na ɗago, rana ta yi sanyi, kuma ban san inda nake ba. Sai na hango korayen atamfofi suna kwarara wajen ƙofa. Raina ya ɓaci. Za su tafi ba a ƙirga ba! Na ruga da gudu, na tarar da farar bas irin tamu ta tayar, na faɗa ciki, wata ta matsa mini na zauna. Ban ɗaga kai ba, idona na kan kyamara ina duba ɗawisuna, amma bakina bai fasa aiki ba.

"Haba jama'a! Sau nawa zan ce kada kowa ya motsa sai na ƙirga ku? Haka ake ɓata a garin mutane."

Aka yi shiru. Na ce a raina, sun ji kunya. Mota ta hau titi.

Can wata ta rangaɗa guɗa a bayana. Na ce Gwaggo yau an ji daɗi. Sai wata murya ta ce, "Mai hoto, ki bar faɗan nan ki ɗauke mu mana!"

Na ɗago. Atamfata ce ko'ina, ganye a kan ganye, amma babu fuska ɗaya da na sani. A tsakiya ga wata an lulluɓe ta, hannu ya sha lalle. 'Yan biki ne, sun zo ɗaukar hoto da amarya, kuma ta ɗaya ƙofar na fito.

Wata Hajiya mai jiki, da alama ita ce uwar biki, ta ga yadda na daskare. "Yarinya, ke daga dangin ango kike?"

"A'a, Hajiya."

"To na amarya?"

"Daga Daura nake."

"Ikon Allah! Har Daura aka kai ankon?"

Da na yi bayani, dariyar da aka yi sai da direba ya rage gudu. Amarya ma na ga lulluɓinta yana girgiza. Hajiya ta share hawaye ta miƙo mini wayarta ta ce in kira mutanena. Nan na tuna abin da na yi. Wayata tana jakar Gwaggo a kashe, bisa umarnina. Kuma a duk duniya lamba ɗaya na haddace: ta Baba, mutumin da na shirya wannan tafiya don in burge shi.

Na nemi wata dabara na rasa. Sannan na danna.

"Baba, ni ce."

"Lambar wa ce wannan? Kun taso?"

"Na dai taso."

Daidai nan wata ta sake sakin guɗa.

"Wannan guɗar fa?"

"Biki ne, Baba."

"Bikin wa?"

Na rufe wayar da tafin hannu na ce, "Don Allah, yaya sunan amaryar?" Motar ta sake fashewa.

Baba ya kira 'yar tocilar Gwaggo, wadda na so a kashe. Hajiya, Allah ya saka mata, ta sa aka juya da mota. Muna isa bakin ƙofa na ji lasifika tana amsa-kuwwa, ashe labarin an gan ni bai kai ga mai sanarwa ba: ana cigiyar wata yarinya 'yar Daura, sanye da koriyar atamfa mai ganye. Matan da ke wurin da dama suka dubi jikinsu. Mai sanarwar ya ci gaba, "Gwaggonta ta ce ba ta da hayaniya, amma akwai ta da sakin baki tana kallon sama. Wanda ya gan ta kada ya tsorata ta."

'Yan biki suka sauko da ni da guɗa kamar ni ce amaryar. Hajiya ta riƙe hannuna ta damƙa wa Gwaggo ta ce, "Ga amanarku, ko ɗankwalinta ba mu taɓa ba." Ummi ta sara mini kamar soja. Sai ga mai gadi ya taho da sauri riƙe da alewa yana tambaya, "Ina yarinyar?" Gwaggo ta nuna ni. Ya dube ni daga sama har ƙasa, ya dubi alewar, ya yi ɗan tunani, sannan ya miƙo mini. Ni kuma na karɓa da hannu biyu.

Washegari na durƙusa gaban Baba, na riga na yi wa Kano bankwana a zuciyata. Ya ce in nuna masa abin da ya ɗauke mini hankali. Ya daɗe yana kallon ɗawisun.

"Da kika ga kin ɓata, me ya sa ni kika kira, ba ki nemi ɓoye mini ba?"

Na so in ce tarbiyya ce, amma na ce, "Lambarka kaɗai na sani, Baba."

Ya yi dariya har da tari. "To, wanda ya ɓata ya iya kiran gida, ɓatansa da sauƙi. Ki je ki yi kwas ɗinki. Amma wayarki a hannunki, kuma kada in sake jin kin sa kaya iri ɗaya da kowa."

Abin da na koya shi ne, in za ka tsara wa jama'a tsaro, fara duba wa ya fi kowa buƙatar a riƙe masa hannu, kada ya zama kai ne. Kuma kafin ka bi zane, leƙa fuskar mai shi. Alewar kuwa tun a mota na shanye ta. Ta yi daɗi.