Yadda Ake Korar Iyali Daga Falo Ta Wayar Wuta

Maigida, sannu da haƙuri, na san halin da kake ciki. Kai ka sayo rauta, 'yar akwatin nan mai ƙahonni da ke raba intanet, ka girke ta a falo da hannunka, ga shi yau falon ya fi ƙarfinka. Sabis ba ya tsallake bango, don haka duk mai waya a gidan nan ya tare a kanka. Share hawayenka. In ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na ba ka tabbacin falonka zai yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. In bai yi ba, ka zo ka kama ni.

Mataki na 1: Ƙare wa ɓarnar kallo

Da ka dawo aiki, tsaya a bakin ƙofa ka duba. Babbar 'yarka, wadda za ta tafi jami'a wani gari da zarar hutu ya ƙare, ta miƙe ƙafa a doguwar kujera, ta ga abin dariya a waya ta nuna wa uwarta, sun kwashe tare. Ɗanka ya kwanta rub da ciki a kan kafet yana ihu wai an ci ƙungiyarsa. Auta ta haye kujerarka, in ka ɗaga ta sai ta dawo cinyarka tana tambayar me ya sa kifi ba ya jin sanyi. Maman yara tana kusurwa da keken ɗinkinta na lantarki. Ko kanun labarai ba ka ji.

Wani mai raunin zuciya zai ce maka ai wannan albarka ce. Kada ka saurare shi, ba a gidansa ake yi ba.

Mataki na 2: Sayo tagwaye

Je shagon kayan lantarki ka ce a ba ka adaftar da ke tura intanet ta wayar wuta. Ƙananan akwatuna ne, bibbiyu ake sayar da su, shi ya sa nake ce musu tagwaye. Ɗaya za ka soka a soket kusa da rauta ka haɗa su da 'yar igiya, ɗayar kuma a ɗakin da kake son tura mutum. Wayoyin da ke cikin bango, waɗanda tun da aka gina gidan wuta kawai suke ɗauka, su za su yi dakon intanet ɗin. Ba fasa bango, ba hawa silin.

In mai shago ya tambaye ka ɗaki nawa, ce masa duka. Zai ce, "Yallaɓai, irinku ne iyaye nagari." Karɓi yabon, shi kaɗai ne kyauta a shagon.

Mataki na 3: Yi jawabi

Kada ka kuskura ka ce don kanka ka yi. Tara su ka gyara murya: "Na lura kuna takura a nan, kuma karatu yana son natsuwa. Daga yau kowa intanet zai same shi har ɗakinsa." Yara za su yi tsalle. Maman yara za ta ɗago kai daga ɗinki, ta dube ka daga sama har ƙasa, ta ce, "To, Allah ya sa alheri." Masana sun yi saɓani kan ma'anar wannan addu'a in ta zo da irin wannan kallo. Kai dai ce amin.

Mataki na 4: Soka a bango kai tsaye

Tagwaye ba sa son ɗan aike. Kada ka soka su a doguwar wayar nan mai bakuna da yawa, bango suke so. Danna maɓallin wannan, ka ruga ka danna na wancan kafin ya huce. Haka za ka yi ta zarya cikin singileti kana haki, amma ai mai nema yana tare da samu. Soket ɗin ɗakin ɗanka yana bayan durowa, in ka ture ta za ka tsinci takalmin makarantar da aka yi wa Auta faɗa a kansa. Mayar da durowar ka yi shiru.

In fitilar jikin adaftar ta yi kore, sun shirya. In ta yi ja, laifin wanda ya ja wayar gidan ne. Zage shi son ranka, ba ya nan.

Mataki na 5: Ci moriyar nasara

Zauna a kujerarka ka ɗora ƙafa kan tebur. Kalli labarai daga farko har ƙarshe, har da hasashen ruwan sama na ƙasashen da ba za ka taɓa zuwa ba. Ranar farko daɗi kamar ya kashe ka.

Bayan an kwana biyu za ka fara jin agogon bango. Ashe dama yana ƙara. Za ka ga abin dariya a talabijin, ka juya don ka faɗa wa wani, ka yi ido biyu da labule. Sai wayarka ta yi tsuwa, saƙo ne daga babbar 'yarka, wadda bango ɗaya ya raba ku: "Baba, Mama ta ce abinci ya sauka." Kowa ya fito ya ɗebi nasa, ya koma ya tura ƙofa.

Kada ka kira wannan kewa. Sunansa kwanciyar hankali.

Mataki na 6: In matsala ta taso

Wata yamma za ka ji ƙofofi na buɗewa. "Baba, intanet ya ɗauke!" Duk su dawo falo, inda rautar kanta take aiki. Nuna ɓacin rai. Matsa wa Auta wuri, amma da tsaki. Washegari da yamma a sake, jibi ma haka.

Tunda yanzu kai injiniya ne, shiga bincike. Ka sani tagwaye ba sa ga maciji da tsohon inji, in yana gudu kusa da su sai ya cika wayar da hayaniya, intanet ya rasa hanyar wucewa. Cire firji ka gani. Cire cajar waya. Ba su ba ne. Sannan za ka lura cewa duk sa'ad da keken ɗinki ya fara ruri, fitilar sai ta koma ja. Kuma filoginsa, wanda da can yake kusurwa, yanzu ga shi gefe da gefe da adaftarka.

Mataki na 7: Kama mai laifi

Lallaɓa ka tsaya a bayan Maman yara. Ƙafarta na kan abin takawa, inji na gudu. Leƙa da kyau. Babu zare a allurar, kuma ƙyallen da ke ƙarƙashi tsohuwar rigar matashin kai ce da ta sha huji har ta zama rariya. Yi ƙasa da murya ka ce, "Maman yara, me ake ɗinkawa haka?"

Ba za ta ɗago ba. Za ta ce, "Yarinyar nan saura ƙiris ta tafi, Baban yara. In ta tafi, sai dai mu riƙa ganinta a waya. Ban ga dalilin da za mu fara tun tana gida ba."

Ja da baya a hankali.

Mataki na 8: Gyara

Gyaran ba wuya, zare filogin keken kawai za ka yi ka kai shi soket mai nisa. Daidai nan ɗanka zai ɗago daga kan kafet ya ce, "Baba, ka gano matsalar?" Dubi babbar 'yarka, ta dawo doguwar kujerarta tana yi wa Auta tsifa suna gardama. Dubi kujerarka, an riga an jibge littattafai a kai. Girgiza kai irin na masana ka ce, "Wayoyin gidan nan ne suka tsufa. Ba su gyaruwa."

In ka ga ƙafar Maman yara ta fara gajiya, jawo kujera ka ce, "Tashi ki huta, dama na daɗe ina son koyon ɗinki."

A kula: mai wannan rubutu ba shi da alhakin tagwayen da suka zama kayan adon bango, ko kujerar da ka sake rasawa, ko ciwon ƙafa, ko allurar da ka karya. Tabbacin da na ba ka da farko kuwa yana nan daram, falonka zai yi tsit. Ashe ma ba sai ka sayi komai ba, ka jira ranar da mota za ta tsaya a ƙofar gida a ɗora akwatin babbar 'yarka. Ranar kada ka neme ni, ba ni na ce ka yi gaggawa ba.