Man da na shafa wa Mariyama

Ko zan manta da ranar aurena, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na tsaya gaban majo a asibitin Kalfu ba, 'yata tana tsala ihu, ni kuma ina ta tunanin yadda zan tsira da mutuncina. Har yau idan na tuna sai in ji na tsani kaina.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. Ni baƙa ce, baƙa wuluk, haka uwata ta haife ni. Tun ina ɗaliba a Tawa na fara shafa man bilicin, wani ɗan tub da nake saye wurin masu tallar magani a bakin kasuwa. Dangin mijina na Kalfu fara sol suka san ni, duk wanda ya tambaya kuma sai in ce kakata Buzuwa ce (Allah ya jiƙanta, ta fi ni baƙi). Mijina yana ci-rani a Abijan kamar sauran mazan Adar, don haka babu mai ƙaryata ni.

Mariyama tana wata bakwai a lokacin, ga bazara ta kankama. Kush, wato ƙunzugun jarirai na kanti, nake sa mata dare da rana, wai ni malamar lakwal, makarantar boko, 'yata ba za ta zauna cikin tsumma ba. Sai ɗuwawunta da matsematsinta suka yi jawur. Asibiti bai fi tafiyar kabu-kabu ɗaya daga gidana ba, amma na ce wa zai je ya bi layi saboda ɗan ja? Man nan yana kashe mini ƙurajen fuska cikin kwana biyu, me zai hana ya yi wa jaririya? Na lakato na shafa mata.

Jan ya lafa kuwa, har na fara jin kaina likita. Bayan kwana biyar ya dawo da ƙarfinsa, da ƙananan ƙuraje zagaye da shi. Mai hankali da nan ta tsaya. Ni sai na ninka shafawar.

A haka bikin ƙanwar mijina ya zo, muka shiga mota sai Kalfu. Tun hantsi har la'asar tana goye a bayana da kush guda, domin na san abin da ke ciki kuma ba na son kowa ya gani. Tana kuka, mata suna cewa haƙori ne, ina cewa ai kuwa haƙori ne. Surukata, wadda muke kira Inna, ta miƙo hannu ta karɓe ta, ta ji jikin rau da zafi, ta kwantar da ita bisa tabarma ta kwance kush ɗin. Fatar ta saluɓe ta manne a jikin auduga, wurin yana tsattsafo da ruwa da jini-jini. Inna ta yafa mayafi, ta saɓa jikarta a kafaɗa ta nufi asibiti, ina biye da ita cikin leshi da takalmi mai tsini.

Majo, wato babban mai jinya na wurin, dattijo ne marar son wasa. Ƙofar ɗakinsa a buɗe take saboda zafi, ga mata jere a kan benci suna jiran layi, mafi yawansu na san su a gidan biki. Ya duba yarinyar ya daɗe, sannan ya ɗago.

"Madam, mi kis shahwa mata?"

"Man kaɗe," na ce, ko ƙifta ido ban yi ba.

"Man kaɗe bai yin haka."

Sai Inna ta tare mini. "Majo, matar ɗana malama ta, ba ta ƙarya. In ta ce man kaɗe, man kaɗe na."

Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Majo ya ce, "Inna, in ban san abin da anka shahwa ba, lalube zan yi. Ɗiyag ga ko jikinta ya ɗau zahi, ba ta da kwanan lalube."

Tub ɗin yana cikin jakata, domin ba na tafiya ba shi. Kuma ga gaskiyar da ta fi komai ɗaci: na tsaya. Na tsaya ina kallon matan benci, ina auna abin da za a ce da ni a Kalfu, alhali muryar 'yata ta dushe har kukan ba ya fita sosai. Ban san ko minti nawa ba ne. Sai da ta buɗe baki babu sauti, hawaye kawai, sannan hannuna ya shiga jaka.

Majo ya karanta jikin tub ɗin, ya dubi fuskata, ya dubi gaɓoɓin yatsuna da man bai taɓa iya farantawa ba.

"Wanga ai na bilicin na," ya ce, da muryar da ta kai har bakin ƙofa.

Wata daga kan benci ta ce, "Ashe kakar tata cikin jakka take." Babu wadda ta yi dariya.

Majo ya yi mini bayani kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya. Man yana da ƙarfi, yana ɓoye ja ya sirantar da fata, cutar kuma tana ci a ƙarƙashi. Ya ba da maganin sha da man shafawa iri biyu, ɗaya fari mai kauri. Ya ce a daina kush, a wanke da ruwa mai ɗumi ba sabulu, kada a goge, a bar wurin ya sha iska. In zazzaɓin bai sauka ba zuwa gobe, a wuce babban asibitin Tawa.

Zazzaɓin ya sauka, Allah ya rufa asiri. Kwana goma na yi a Kalfu. Inna ta shimfiɗa tsohon zane a inuwa, Mariyama tana kwance tsirara, kuma ita take shafa maganin da hannunta, ni sai dai in kawo ruwa. Sau ɗaya kawai ta tayar da maganar, tana wanke hannu, ba ta ko dube ni ba.

"Ɗiyata, baƙinki bai dame ni ba. Tsayuwad da kiy yi kahin ki buɗe jakka, ita ad damuwata."

Mariyama ta warke, sai ɗan tabo da nake gani kullum idan ina mata wanka. Na daina shafe-shafe, na koma launina a gaban ɗalibaina da kowa, aka yi ta gulma har aka gaji. Abin da na koya bai kai a rubuta a allo ba, kuma duk matan bencin nan sun riga ni saninsa: maganin da ba za ki iya ajiyewa a kan teburin majo ba, kada ki kai shi jikin ɗanki.