Ranar da Na Canza wa Babur Boris

Da ƙafar bayan babur ɗina ta fara kuka, na ce ba bakaniken da zai taɓa min ita. Na sayo sabon boris, zoben ƙarfen nan da ƙafar ke juyawa a kansa, na baje kaya a ƙofar gida, ina aiki ina yi wa maƙwabta darasi. Na cire tsohon, na wanke shi fes da fetur, na shafa giris, na ɗaure komai.

Washegari na ɗauki surukina zuwa Garaku, ƙafar ta cije a hanya. Ina laluben waya, sai na zaro sabon boris daga aljihu, yana cikin kwalinsa.

"To, wanne ka saka?" in ji Baba, surukin nawa.

Har yau ba ya hawa bayana sai ya ce, "Injiniya, zazzage aljihunka tukuna."