Dakuwar Ɓawon Gyaɗa

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya kwashe min sauran tunani, da makon da na fara aiki a wata ƙaramar ƙungiya a Nassarawa GRA. Ofishin tsohon gida ne irin na Turawa, mai faffaɗar baranda da bishiyoyin mangwaro, ana iya jin kukan kurciya har cikin ɗakin taro. Aikinsu shi ne su niƙa ɓawon gyaɗa da buntun shinkafa, su kwaɓa da sitacin rogo, su cura shi, ya bushe ya zama abin hura wutar girki maimakon itace. Ni kuwa an ɗauke ni ne saboda na iya zuba a gaban jama'a. Na haddace bayanin tsaf, amma abin da ake bayani a kansa ban taɓa sa shi a ido ba (na ce ai sai a hankali).

Rannan aka gayyato mata manoma daga wajen Kura don su ga yadda abin yake ci. Madam Rifkatu, injiniyarmu 'yar Zariya, ta ja ni gefe ta ce, "Malam, ka lallaɓa su. Tsoronsu kada ya sa wa tuwo guba. In suka ƙi, aikinmu ya tashi."

Na fito gida ban karya ba, saboda gugar farar shadda ta cinye min lokaci. Ina isa barandar ofis, inda aka zaunar da matan, na hango faranti a kan tebur, an jera wasu ƙananan curi masu ruwan ƙasa, gwanin sha'awa. Na ce a raina, Allah sarki, har dakuwa aka tanadar wa baƙi. Na waiga, na ɗauki mafi girma, na jefa baki.

Daidai nan Hajiya, shugabarmu, ta miƙo min makirfo tana cewa, "Ga sabon ma'aikacinmu, zai yi muku bayani."

Jama'a, na tauna. Ƙarar da ta fito daga haƙorana har lasifika ta ɗauka. Babu zaƙi, babu yaji, sai wani gari mai kartar harshe kamar na gatsa tabarma. Tofarwa ba dama, mata sun zuba min ido. Haɗiya kuma maƙogwaro ya ce bai san zancen ba. Na tsaya da kumatu cike, hawaye na gangarowa, Madam Rifkatu ta juya baya kafaɗunta na rawa.

Wata dattijuwa a sahun gaba ta gyara mayafi ta ce, "Ɗan nan, ashe har ci ake yi?"

Na daure na haɗiye, na ce da wata murya da ban san tawa ba ce, "A'a Inna, ingancinsa nake gwadawa."

Aka fashe da dariya har da masu riƙe ciki. Hajiya ta sa aka kawo min ruwa, ta ƙarasa bayanin da kanta. Da aka hura kurfoti aka ɗora tukunya, dattijuwar nan ba wutar take kallo ba, ni take kallo. Can ta ce wa 'yan uwanta, "To ga shi nan bai faɗi ba. Abin da bai kashe mutum ɗanye ba, ai ba zai kashe shi a ƙarƙashin tukunya ba." A ranar suka yarda a kai musu injin cura shi ƙauyensu.

Shekaru na yi a wurin, kuma ban ƙara samun abokan aiki irinsu ba. Yanzu kowa ya kama gabansa, amma duk sallah sai Madam Rifkatu ta bugo ta tambaye ni ko na ajiye mata ragowar dakuwa. Ni dai tun daga lokacin, kome yunwa, abin da na gani a faranti sai na tambayi sunansa kafin in yi bismillah.