Ranar da Na Shuri Kwalin Shugaban Kwalejinmu

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Litinin ba, ina shekarata ta biyu a kwaleji, farkon shekarun casa'in. Har yau in ta faɗo mini sai na ja tsaki, rabinsa na kaina, rabinsa na makarantar.

Ni ce kyaftin ɗin 'yan matan ƙwallon kwando a lokacin. Ba don na fi kowa iyawa ba (Rahila ta fi ni hannu, Binta ta fi ni tsawo), sai don na fi kowa baki. Bakin kuwa ya samu aiki a shekarar nan, domin riƙon da aka yi mana ko awakin maƙwabci ba a yi musu irinsa.

Ƙwallo ɗaya tal gare mu, shi ma sacewa yake yi, kullum kafin atisaye sai an biya da shi wurin mai faci a Malali. Rigunanmu kwancen maza 'yan ƙwallon ƙafa ne, sun koɗe, hammata duk a yage, lambobin ma da fenti muka sake rubutawa. Dogayen wanduna kuwa Innata ce ta ɗinka mana a kekenta a Badarawa, don sharaɗin Babana ke nan: ba zan shiga fili da gajeren wando ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne motar makaranta. Ta maza ce. Mazan da duk shekarar ba wanda suka ci, sai dai su je a lallasa su, su dawo cikin mota suna waƙa. Mu kuwa bas ɗin haya muke shiga, gwiwa a haɓa, mu je mu ci wasa mu dawo da ƙafa a kumbure. A haka muka yi ta kayar da kwalejoji har muka kai wasan kusa da na ƙarshe.

Duk sanda na kai ƙara wurin kocinmu, Madam Ladi, maganarta ɗaya ce: "Ki yi haƙuri, ina kan magana da su." Na tsani wannan amsar.

Ranar Asabar ɗin wasan an yi mana alkawarin mota. Muka shirya tun safe muka tsaya a bakin get. Shiru. Rana ta ɗaga, sai mai gadi ya leƙo ya ce ai motar tun ɗazu ta wuce Zariya da maza, wasan sada zumunci. Wasan sada zumunci, jama'a. Kafin mu samu bas, mu ratsa gari zuwa filin da ke can wajen Kinkinau, alƙalin wasa ya gaji da jira ya ba abokan karawarmu nasara. Muka same su a inuwa suna shan lemo. Binta ta zauna a ƙasa tana kuka. Ni ko ɗigon hawaye ban yi ba, ƙirjina ne kawai ke tafasa.

Washegari Rahila ta biyo gidanmu bayan ta taso daga coci. Ta ce ta ji a bakin wata, wadda ita ma ta ji a bakin wani, cewa shugaban kwaleji zai rushe ƙungiyarmu gobe a gaban ɗalibai, wai mun kunyata makaranta da muka ƙi zuwa kan lokaci.

Na ce, "Mu ne muka kunyata makaranta?"

Ta ce, "Haka dai aka ce. Amma don Allah ki bi a hankali."

Ban bi a hankali ba. Yinin ranar ina wanki ina tsara jawabi, har Inna ta tambaye ni da wa nake faɗa a bakin famfo.

Litinin aka tara mu a babban ɗakin taro. Shugaban wani dattijo ne mai sanyin magana, kafin ya haɗa jimla ɗaya ka isa ka sha ruwa ka dawo. A gefen teburinsa akwai manyan kwalaye biyu a ɗaure. Maza 'yan ƙwallon ƙafa sun cika layin gaba, sun miƙe ƙafafu. Ya ce 'yan ƙwallon kwando su hau dandamali, muka hau muka jeru. Ya gyara murya ya ce, "Abin da ya faru ranar Asabar abin kunya ne ga wannan kwaleji. Saboda haka na yanke shawarar..."

Ban san sanda na fizge makirufon daga hannunsa ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, kafin ka rushe mu, za ka ji ta bakinmu. Wace kunya? Kunyar da ke jikinmu ga ta, tsumman da maza suka yar muke sawa. Ƙwallonmu mai faci ya fi mu saninsa. Mun ciyo wa makarantar nan wasa bayan wasa, ko ruwan sha ba wanda ya taɓa ba mu. Waɗancan da ke zaune a gaba, wa suka taɓa ci? Sai cin mai a motar makaranta."

Ɗalibai suka ɗauki sowa, ni kuwa kaina ya ƙara fashewa. Madam Ladi tana jan rigata ta baya tana cewa, "Ke, saurara. Ki saurara mana." Na fincike. (Allah Ya ba matar nan lada, ta yi iya ƙoƙarinta.) Sai idona ya faɗa kan kwalayen.

Na ce, "Ga shi ma an sake sayo wa 'yan gatan kaya, a kanmu za a raba musu don mu ƙara jin haushi." Na ɗaga ƙafa na shuri na kusa da ni da duk ƙarfina.

Kwalin ya kife, igiyar ta tsinke, kaya suka watse a dandamali. Riguna ne kore sababbi fil, da dogayen wanduna. A ƙirjin kowace riga an buga hoton ƙwallo yana faɗawa kwando. Ɗaya ta sauka a kan takalmin shugaba, lambata ce a bayanta.

A hankali na ce, "Na shiga uku." Na manta makirufon yana bakina. Har na can ƙarshen ɗaki sun ji, dariyar da aka kwashe da ita kuwa mazan layin gaba ne suka fi kowa.

Shugaba ya jira aka lafa, ya miƙo hannu ya ce, "Kin gama, 'yata? To ara mini abin maganar." Ya ce kunyar da yake nufi ta makaranta ce, ba tamu ba, ya kira mu ne ya ba mu haƙuri a gaban kowa. Jiya da kansa ya je wurin masu shirya gasar ya yi bayani, sun yarda a sake wasan. Kayan kuwa Madam Ladi ce ta hana ofishinsa sakat har aka ɗinko su. Sannan ya dube ni ya ce, "Tunda ke kika buɗe, sai ki raba."

Haka na durƙusa a gaban makaranta guda ina tsintar riguna, ina kakkaɓewa, ina miƙa wa kowacce tata. Rahila ta karɓi tata ba ta yarda mun haɗa ido ba, ita da ta kawo mini labarin.

Kafin na isa gida magana ta riga ni, wani ɗalibi ɗan layinmu ya kai wa Babana ita har shagonsa. Da safe ya sa babbar riga ya tasa ni gaba zuwa ofishin shugaba, na tsuguna na ba da haƙuri yana tsaye a kaina. Madam Ladi ta karɓe muƙamin kyaftin ta ba Rahila. An sake wasan, a motar makaranta muka je, muka ci, amma rabin farko a benci na kalle shi. A wasan ƙarshe aka doke mu. Suna kuwa ya bi ni har na gama kwaleji: Shura-Kwali. Shekarun baya na haɗu da wata da muka yi kwaleji tare a asibiti, da jikanta a hannu, da sunan nan ta gaishe ni.

Abin da ke ƙona mini rai har yau, duk abin da na faɗa a ranar gaskiya ne, ba ƙarya ko ɗaya. Da na bari tsohon nan ya ƙarasa jimlarsa, da shi zai ba ni haƙuri, ba ni zan tsuguna masa ba. Tun daga ranar, in aka kira ni taro, komai tafasar da nake yi sai na rungume hannu na bar mai magana ya kai aya. Fushi ba ya tsami don an ajiye shi kaɗan. In ya gama na ga har yanzu da sauran faɗa, to ina nan da bakina. Ƙafar ce dai na yi wa ritaya.